Gashin Doki a Inda Doki Bai Taka Ba

Ran Talata da hantsi, ina cikin daka, aka kawo mini Zailani a kan ƙyauren ƙofa. Mutum huɗu suka sauke shi a tsakar gida, ba wanda ya iya duban idona. Ƙeyarsa a fashe, gajeren wandonsa ya yi baƙi da jini.

Sunana Baraka, a 'Yargoje aka haife ni. Ban yi boko ba. Wannan ma faɗa nake ana rubutawa, na kuma gaya wa mai rubutun in ya rage mini kalma ɗaya ban yafe ba.

Zailani jikana ne. Uwarsa ta rasu wurin haihuwarsa, ni na goya shi. Shekararsa goma sha tara, yana kwalejin horon malamai a birni, kuma duk kwalejin ba mai kama shi a gudu. A farkon daminar bara aka kawo su Ƙanƙara, su goma sha biyu, su gwada ƙafa kafin gasar kwalejoji. Kullum da sassafe sai su yanko da gudu ba takalmi har 'Yargoje su koma. Yakan tsaya ƙofata ya sha ruwa.

"Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Sai na binne ka, mijin banza."

Abin da na faɗa masa ke nan ran Litinin. Na ga yana ɗingishi, na tambaye shi, ya ce kaluluwa ce ta fito masa a matsematsi, ba komai.

Bayan masu ɗauke da gawar akwai mutum biyu. Ɗaya Malam Harisu, malamin wasanninsu, mai wandon kaki da usur a wuya, yana riƙe da keke. Ɗayan Bilya, wanda suka ce shi ne malamin asibitin da kwaleji ta haɗo su da shi, da farar riga da akwatin magani.

"Iya, sai haƙuri," in ji Malam Harisu. "A burtali muka tsince shi. Ya kutsa cikin shanun Rabo ya watsa su, sa ya soke shi a cinya, Rabo kuma ya bi shi da sanda."

Ban tsaya jin ƙari ba. Taɓaryar tana hannuna.

Rabo makiyayi ne, rugarsu tana bayan gari, shekara da shekaru ina sayen nono wurin matarsa. Muka cim masa a bakin rijiya yana shayar da shanu. Mutanen gari sun fi hamsin, amma ni na fara. Ya ɗaga hannu zai kare kansa, na sauke masa taɓarya a damtse, na ji ƙashin ya ce ƙas. Daga nan aka rufa masa da sanduna da ƙotar fartanya. Aka fasa masa baki, aka tattaka shi cikin caɓi, yana ta cewa, "Mi na yi? Mi na yi?" Da Maigari bai zo da mutanensa ba, a nan za a ƙarasa shi.

Aka ja shi zauren Maigari aka sa masa mari a ƙafa. Maigari ya ce malamin asibiti ya duba hannun. Bilya ya zagaya ta hagunsa, ya dafa masa wuya yana shafawa, yana cewa, "Hoo, hoo, tsaya." Na ji, amma zuciya ba ta bar ni na kula ba.

Aka aika wa Hakimi. Saƙo ya dawo cewa ran Alhamis 'yan doka za su zo su tafi da Rabo Katsina. Kowa ya san wanda aka kai can da laifin kisa ba ya dawowa.

Bayan an binne yaron, da la'asar, na ɗauko tufafinsa zan wanke. Wandon ya bushe ƙandas da jini. Na ɗaga rigar. Wuyanta fes, sai ƙasa.

Na zauna da rigar a cinyata. Ni ungozoma ce, shekara arba'in ina cikin jini. Na ga kan 'yan dambe ya fashe, na ga yaro ya faɗo daga kuka. Ba inda ke zubar da jini kamar kai. An fasa ƙeyar yaro kamar an fasa ƙwarya, amma ko ɗigo bai taɓa wuyan rigarsa ba? Sai dai in lokacin da aka fasa, jinin ya riga ya ƙare.

Na tuna ƙarar ƙashin Rabo.

Da gari ya waye na kama hanyar Pauwa. An ce mini Malam Audi mai bin sawu yana can, ya biyo wasu jakai da aka sato. Mutumin Tafoki ne ta ƙasar Faskari, tsohon maharbi, ɗan guntu, ido ɗaya ya yi fari. Na same shi yana shan fura. Na jefa masa rigar da wandon.

Ya juya su, ya shinshina wandon.

"Goggo, ke ce aka ce kin karya Bafillace jiya?"

"Ni ce."

"To yau wa za ki karya?"

"Wanda ka nuna mini."

Ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗowa. "In ruwan ga ya sauka, sawu ya tahi. Tashi."

Da muka iso 'Yargoje, Audi ya ce sai ya ga Rabo tukuna. Yana kwance a zaure, hannun ya kumbura kamar turmi, ƙudaje sun rufe bakinsa. Da ya gan ni ya ja jiki ya manne da bango.

"Ka ga yaron?" in ji Audi.

"Na gan shi, Baba. Yana kwance a burtali. Shanu ne suka ƙi wucewa, suka rabu biyu suka zagaye shi."

"Mi ya hana ka kururuwa?"

"Na ji tsoro. Na ce in na faɗa, ni za a ce." Ya dube ni. "Ga shi ban faɗa ba, ni aka ce."

Audi ya sa aka kawo sandarsa. Ya duba ta daga kai har gindi, ya goga a tafin hannu, ya mayar. Ya fita ya zagaya shanun, ya kama ƙahon kowane sa ya duba.

A ƙofar zauren muka tarar da Malam Harisu. Ya kwaso 'yan gudun sun zo gaisuwa. Ya ja Audi gefe, amma kunnena lafiya lau yake.

"Malam, in ba Rabo ba ne, to a dubi Abdulƙarim. Ran Lahadi sun yi faɗa da marigayi. Shi ke bin bayansa a gudu, yanzu shi ne na ɗaya."

Na san Abdulƙarim, dogo ne mai tsagar Gobirawa. Na nufe shi na ci kwalarsa.

"Kai ne, ɗan banza?"

"Wallahi Goggo ba ni ba ne!"

"Kun yi faɗa ko ba ku yi ba?"

"Mun yi. Na ce masa ya kwanta, ƙafarsa ta kumbura. Ya ce baƙin ciki nake yi masa. Na mare shi, ya fasa mini leɓe."

Audi ya ɓamɓare hannuna daga wuyansa. "Jiya ina ka baro shi?"

"Wajen tsamiyar nan ta kan kwana. Ya kasa. Malam ya ce mu wuce, shi da malamin asibiti za su taho da shi."

"Malamin asibitin ga, yaushe ya fara aiki da ku?"

Yaron ya saci kallon Malam Harisu, ya rage murya. "Ana gobe za mu taso. Na da ya bar aiki tun bara, ba a kawo wani ba. Aka ce ba za a bar mu mu fito ba sai da malamin asibiti, sai Malam ya zo da wannan."

"Yana ba ku magani?"

"Kanwa yake jiƙa mana. In ƙafa ta yi tsami ya murza mana da man shanu."

Audi ya ce ya ɗaga tafin ƙafarsa. Ya duba, ya auna da ɗan kara, ya sake shi.

Muka fita burtali ni da shi. Shanu sun tattake ko'ina. Ya nuna mini inda gawar ta kwanta, ƙasa ta ɗan lotsa.

"Ina jinin?"

Babu. Sai ɗan tabo kamar tafin hannu.

"Wandon da kika kawo mini ya sha jinin da zai cika ƙwarya. Ba nan ya zuba ba."

Ya sunkuya yana zagayawa kamar kaza mai kiwo. Can cikin sabara ya ciro dutse, gefe ɗaya da gashin kai manne. Ya miƙo mini. Gashin Zailani ne, ni nake yi masa aski yana ƙarami. Na ƙulle dutsen a bakin zanena.

"Makiyayi da sanda a hannu ba ya neman dutse," in ji Audi.

A gefen burtalin, inda shanu ba su taka ba, ya sami layin tayar keke. Muka bi shi baya baya. Ya ce in duba yadda tayar ta nutse cikin damshi, ga kuma sawun mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, ɗaya da takalmin Turawa, ɗaya da takalmin fade.

"Ba hawa suka yi ba, turawa suka yi. Keken da ba kowa a kai ba ya nutsewa haka. Kaya suka ɗauko."

Tsawa ta yi a gabas. Muka ƙara sauri.

Layin ya kai mu bayan wata gonar gero, nesa kaɗan da hanya. Tun kafin mu isa na ji ƙarni. An barbaɗa ƙasa a wurin, amma tururuwa sun tona. Audi ya share da ƙafa. Ƙasar ta yi baƙi, faɗin tabarma.

"Nan ya faɗi."

Na durƙusa na dafa wurin. Ban yi kuka ba. Har yau ban yi ba.

Daga nan sawun Zailani ya fito, na san shi, babban yatsansa na dama a karkace yake. Muka bi shi baya zuwa tsamiya. Ƙafar hagu tana ja, kuma kowane taku da ɗigon jini a gefensa. A bayansa sawun takalmin Turawa ne, taku manya manya.

"Korarsa ake yi," in ji Audi. "Dubi nan, ya faɗi kan gwiwa. An tashe shi. Nan ma ya faɗi."

Sai na tuna Liman ya ce da suna wankan gawar ya ga shatar bulala a bayansa, Malam Harisu ya ce ƙaya ce.

A gindin tsamiyar akwai toka, an hura 'yar wuta. Ƙasa ta birkice, mutum ya yi ta shure shure. A jikin saiwa igiya ta goge ɓawo. Audi ya ƙirga sawun 'yan gudun, goma sha ɗaya sun wuce ba su tsaya ba, har da na Abdulƙarim.

Ya koma bayan gonar gero inda yaron ya faɗi, ya kwanta rub da ciki yana tona ciyawa da yatsa. Iska ta taso. Na ce masa ruwa zai sauko, ya ce in rufe masa baki. Can ya ɗago wani abu a kan tsinke, ya kawo dab da idona.

Gashi ne baƙi, dogo, mai kauri, jini ya daskare a jikinsa. An ƙulla shi ƙulli biyar, an kuma yanke da wuƙa.

"Na mutum ne?"

"Goggo, wane mutum ke da gashi haka? Wutsiyar doki ce." Ya buɗe hannu ya nuna filin. "Nemo mini kofato ɗaya a wurin ga."

Babu. Daga tsamiya har burtali doki bai taka ba.

"Na yi yawo ƙasar Sabuwa wajen masu fataucin dawaki," in ji shi. "In doki ya yi ƙurji, sai su yi masa dabaibayi su kayar, su gasa tsinken ƙarfe su yi masa sakiya. In wurin ya yage, su tsinko gashin wutsiyarsa su ɗinke, ƙulli ɗai ɗai, kamar wanga. Ban taɓa ganin an yi wa mutum ba."

Sai kunnena ya dawo mini da muryar nan ta Bilya a zaure. Hoo, hoo, tsaya.

Ruwan ya kece muna kan hanyar komawa. Ya wanke komai. Abin da ya rage, dutse a zanena da gashi a cikin layar Audi.

Ran Alhamis da hantsi 'yan doka biyu suka iso. Gari ya taru ƙofar Maigari. Aka fito da Rabo da mari. Ga Malam Harisu a kan kujera, ga Bilya da akwatinsa, ga 'yan gudu a tsugune.

Na shiga tsakiyar fili da taɓaryata. Wani ya ce mace ba ta magana a nan. Na ce ya zo ya fitar da ni.

Audi ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, tambaya biyu gare ni, sannan a tahi da wanda za a tahi da shi."

Maigari ya ce ya yi.

"Malam Harisu, ka ce sa ne ya soki yaron a burtali. To mi ya sa jininsa ya zuba a bayan gonar gero, ga sawun takalminka a kai?"

"Ina sawun?" Malam Harisu ya yi murmushi. "An yi ruwa jiya. Ranka ya daɗe, maganar maharbi da tsohuwar da baƙin ciki ya taɓa za a ɗauka, a bar ta malamin gwamnati?"

Mutane suka fara gunaguni. Ɗan doka ɗaya ya kama igiyar Rabo.

Audi bai ko dube shi ba. Ya juya wajen Bilya. "Malamin asibiti, a ina ka koyi aiki?"

"A... a birni."

"Buɗe mana akwatin mu ga maganin birni."

"Makullin ya ɓace."

"Kayan gwamnati ne," in ji Malam Harisu, ya miƙe. "Ba mai taɓa shi sai da takarda."

Ni ba ni da takarda. Na ɗaga taɓarya na sauke a kan akwatin. Sau biyu, murfin ya tarwatse.

Ba kwalba ko ɗaya. Ƙullin kanwa, da man shanu a gwangwani, da igiyar dabaibayi, da tsinken ƙarfe bakinsa ya yi baƙi da wuta, da basilla. A ƙasa kuma damin gashin wutsiyar doki, an naɗe shi kamar zare.

Audi ya kwance layarsa, ya ajiye gashin mai ƙulli biyar kusa da damin. Na kwance dutsen na ajiye kusa da su.

Bilya ya zube. "Ni ban ce ni malamin asibiti ba ne! Dawaki nake kiwo a Sabuwa. Yayata yake aure, shi ya zo ya sa mini farar riga, ya ce kwana goma sha huɗu ne kawai, ba abin da zan yi sai riƙe akwati."

"Rufe bakinka!" in ji Malam Harisu.

"Ya ce in fasa kaluluwar, in ba haka ba yaron ba zai yi gasa ba. Na ce a doki na saba. Ya ce jiki duk jiki ne. Muka ɗaure shi, shi ya danne ƙirjin. Da na soka, jini ya yi tsiri har fuskata. Na ɗinke. Na ce a kwantar da shi a nemo mota. Ya ce a'a, in ya taka jinin zai tsaya, ya zaro bulala..."

"Dutsen fa?" in ji Maigari.

"Bayan ya cika ne. Shi ya yanke ɗinkin ya yar. Shi ya ce mu kai shi hanyar shanu."

Malam Harisu ya yi tsalle ya nufi kekensa. Ya manta wa ya koya wa gudu. Kafin ya ɗora ƙafa Abdulƙarim ya cim masa ya yi sama da shi ya buga da ƙasa. Sauran goma suka rufa. Suka yi ta dukansa da usur ɗinsa a baki har haƙora suka zube. Na kutsa da taɓarya na ɗaga daidai ƙeyarsa.

Audi ya riƙe ta ta baya. "Goggo, shekaranjiya ma kin tabbata."

Na tsaya. Na sauke.

Aka cire marin daga ƙafar Rabo aka sa wa Malam Harisu, aka ɗaure Bilya da igiyar dabaibayinsa. 'Yan doka suka tasa su gaba.

Mutanen da suka tattaka Rabo suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce masa sannu. Ni na je gabansa. Na ajiye taɓaryar, na naɗe hannun rigata, na miƙa masa damtsena.

"Karya."

Ya dube ni da idon da bai kumbura ba. Ya sa hannun hagu ya ɗauki taɓaryar, ya auna nauyinta, ya miƙa wa matarsa.

"Tamu ta tsage tun bara," in ji shi. "Allah ya jiƙan yaron. Yakan gaishe ni in ya wuce."

Hannun Rabo bai koma daidai ba. Ba ya iya tatsa, ba ya iya jan guga. Ni nake zuwa rugar ina taya su, kuma zan yi ta zuwa har ƙafata ta ƙi.

Su biyun suna gidan yari, wannan na sani. Amma akwai wanda ya zauna a ofis shekara guda kwaleji ba malamin asibiti bai damu ba. Akwai wanda ya ga ɗan kiwon doki da farar riga, ya sa hannu a takarda ba tare da ya ce buɗe akwatin ba. Sau uku ina zuwa birni in ga fuskarsa, sau uku masinja yana ce mini ya fita. Ba diyya nake nema ba. A kira shi gaban alƙali ya faɗi da bakinsa abin da ya sa ran jikana bai kai a buɗe akwati ba.

An ce bana ma za a kawo 'yan gudu Ƙanƙara. Su zo. Hanyarsu ta ƙofata ta bi. Duk wanda ya biyo su da farar riga zai tsaya ya buɗe mini akwatinsa in gani. In ya ce makulli ya ɓace, ba komai. Na sa an sassaƙa mini sabuwar taɓarya.